Zauren Iyali: Kirsimati Daga Cikin Rumbunmu

Ga watan Disamba ya kama, an rufe makarantu, yara kuma sun soma ƙidayar kwanaki. A irin wannan lokaci ne hankalin maigida yakan tashi: ina kuɗin kaji, ina na buhun shinkafa, ina na kyautar da za a kai wa dangi? Wani yakan ci bashi, wani ya sayar da hatsinsa da araha. Kwana ɗaya biki ya wuce, sai ga Janairu da kuɗin makaranta. Mu malamai mun san yawan kujerun da ke zama wayam a makon farko na sabon zango. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

Alhali kuwa babu lokacin da gida yake cike kamar yanzu. An gama kaka. Ga sabon wake da gyaɗa da riɗi, ga kabewa jibge a gindin rumbu, ga zoɓo ya bushe, tumatir da albasa na lambu kuma sun fara shigowa kasuwa. Abin da ke cikin lokacinsa shi ne mafi araha, shi ne kuma mafi daɗi.

Mu fara da tukunya. Miyar taushe ba ta jin kunyar baƙo ko babu nama. A dafa kabewa ta yi laushi, a dame ta, a zuba jajjagen tattasai da albasa da tumatir, a sa daddawa. Sai a dama niƙaƙƙiyar gyaɗa gwangwani ɗaya a zuba, a bar ta ta dahu. Yakuwa da alayyahu su ne na ƙarshe, kada su daɗe a wuta. A ci da tuwon shinkafa ko waina. Kabewa tana da amfani ga idon yara, gyaɗa kuwa abincin gina jiki ce. Haka ma wake: mudu ɗaya ya isa a yi alala da ƙosai ga babban gida. Mutanenmu na Filato da kudancin Kaduna sun san darajar gwaten acca da ganye. Maimakon lemon kwalba, a dafa zoɓo da citta da kanumfari.

To, sai zancen kyauta. Ga guda uku da ba su bukatar zuwa kanti.

Na ɗaya, kantun riɗi. A wanke riɗi gwangwani biyu, a rairaye tsakuwa, a shanya. A soya shi ba mai har ya yi ƙamshi. A narkar da sukari ko mazarƙwaila gwangwani ɗaya a wuta kaɗan-kaɗan, a juye riɗin a gauraya da sauri. A shimfiɗa a faranti da aka shafa wa mai, a yanka tun da ɗumi, domin in ya huce sai dai a fasa.

Na biyu, ƙuli-ƙuli da yajinsa. Gyaɗa ba ta da abin yarwa: man da aka matse shi za a soya ƙosai da shi, tunkuza ta zama ƙuli, ɓawo ya shiga murhu, harawa ta awaki ce. Amma a tsince gyaɗar da kyau. Wadda ta yi fumfuna ko ta yanƙwane a zubar, kada a ba kowa, gama gubar da ke cikinta tana cutar hanta, wuta kuwa ba ta kashe ta.

Na uku aikin yara ne. Su huda gindin tsohon gwangwani, su cika shi da ƙasa da taki, su shuka irin zogale, su riƙa ba shi ruwa. Wanda aka kai wa ya dasa shi a bayan ɗaki, kafin shekara ta zagayo yana cin kwaɗo.

Wajen ƙunshi, a guji leda. Ita ce ke toshe magudanar ruwa, akuya kuma in ta haɗiye ta sai rama, wani lokaci har mutuwa. A wanke tsofaffin kwalabe masu murfi da ruwan zafi, a shanya su bushe sarai, domin laima kaɗan tana lalata ƙuli. Ko kuwa a zuba a ƙwarya a rufe da faifai, mazubin ma ya zama kyauta. Mu tuna, a Yohanna sura 6, bayan da Ubangiji ya ciyar da mutum 5,000, sai da aka tattara ragowar, kwando 12.

Ban ce cin nama laifi ne ba. Mai hali ya yanka kazarsa da godiya. Amma kada kunya ta sa wani ya ci kuɗin makarantar ɗansa a rana ɗaya. In an gama kantun nan, a fara kai wa gwauruwa da tsoho da maƙwabci, ko na wane addini ne. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Barkanmu da Kirsimati. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.