Jikan Buzu Ma Ɗan Gida Ne

Tsakanin Magamar Jibiya da Ɗan Issa akwai shinge, akwai jami'ai, akwai tutoci biyu. Amma Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata wannan layi, da yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, kuma tun kafin su zo ayarin Buzaye ke gangarowa daga Azbin da gishiri da dabino, su koma da gero da tufafi. Wanda ya riga iyaka zuwa wuri, ta yaya iyakar za ta mai da shi baƙo?

Da fari ya kashe dabbobinsu a 1973 da 1984, Buzaye da dama sun biyo wannan hanya zuwa Katsina da Kano da Zariya. Suka kama gadi da sayar da shayi. Muka damƙa musu makullan gidajenmu da shagunanmu, muka yi barci har da munshari. Sun haihu a nan, 'ya'yansu sun haihu. Yau akwai jikan da bai taɓa ganin Agadas ba, Hausarsa ta Katsina ce tsantsa, amma ranar da ya je neman takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma sai a ce masa, "Kai ai ɗan Nijar ne."

Sana'ata rubuta manhaja ce, don haka na san illar gurbi guda a fom. Idan aka wajabta cike "ƙaramar hukumar asali", aka jera 774 kawai, to wanda ba ya cikin jerin ba ya cikin duniya a wurin kwamfuta. Ba gurbin karatu, ba aikin gwamnati. Kuma ba na'ura ce ta yanke hukuncin ba, mu muka rubuta mata shi. Sashe na 25 na kundin tsarin mulkin 1999 ya rataya zama ɗan ƙasa a kan iyaye da kakanni, haihuwa a Najeriya kaɗai ba ta wadatar. Sashe na 27 ya buɗe ƙofa bayan zaman shekara 15, amma sai da sa hannun shugaban ƙasa. Ku gaya mini, wane mai gadi ne zai kai can?

Kakanninmu sun fi mu wayo. Agalawa ma daga wajen Azbin asalinsu yake. Sun zauna a ƙasar Katsina da Kano, suka rungumi fataucin goro zuwa Gwanja, suka zama Hausawa ba tare da an tambaye su takarda ba. Cikinsu Alhassan Ɗantata ya fito, wanda ya rasu a 1955, kuma Aliko Ɗangote tattaɓa-kunnensa ne ta wajen uwa. Da fom ɗinmu na yau ne ya tare su a hanya, da Kano ta yi asarar da ba ta lissafuwa.

Za a ce tsaro. Gaskiya ne Jibiya ta sha wuya a hannun 'yan bindiga. Sai dai mutumin da ka ƙi rubuta sunansa shi ne wanda ba za ka iya bibiyarsa ba. Kuma tun 2019 dubban mutanenmu na Katsina da Zamfara da Sakkwato suka tsallaka jihar Maradi gudun mutuwa, aka tsugunar da wasu a Garin Kaka da Cadakori da Ɗan Daji Makau. Mai ɗan'uwa a rumfar wani ba ya korar baƙo daga zaurensa.

Abin da nake nema bai fi ƙarfin Majalisar Dokokin Katsina ba: wanda aka haifa a ƙaramar hukuma, ya girma a cikinta, mai unguwa ya shaide shi, a ba shi takardar zama wadda makarantu da ma'aikatun jiha za su karɓa. 'Yan majalisar tarayyarmu kuma su kai batun Sashe na 25 gaba. Mu masu rubuta manhaja, mu daina gina fom ɗin da ba shi da gurbin maƙwabcinmu.