Faɗuwar Farashin Mai ta 2020: Ina Rumbun Batsari da Safana?

Haƙiƙa mutumin Batsari ko Safana bai taɓa ganin rijiyar mai a gonarsa ba, amma albashin malamin da ke koyar da ɗansa, da maganin da ake kai wa ƙaramin asibitin garinsu, duka sun rataya ne a kan farashin gangar ɗanyen mai. Dalili kuwa shi ne, ƙananan hukumominmu da kason wata-wata na asusun tarayya suke rayuwa, shi kuma asusun nan mai ne babbar jijiyarsa. Saboda haka ya wajaba mu yi tsokaci a kan abin da ya auku a 2020.

A shekarar nan annobar korona ta sa aka kulle birane, jiragen sama suka daina tashi, masana'antu suka tsaya, sai buƙatar mai a duniya ta ragu da fiye da kashi ɗaya bisa biyar a watan Afrilu. Daɗin daɗawa, Saudiyya da Rasha sun kasa daidaitawa a taron Viyana na farkon Maris, kowa ya buɗe famfonsa. Tankunan ajiya suka cika maƙil, har ranar 20 ga Afrilu farashin wani nau'in mai a Amurka ya faɗi ƙasa da sifili, wato mai kaya ne ke biya a ɗauke masa kayansa. Kafin nan, ranar 12 ga Afrilu, ƙungiyar OPEC, wadda ɗan Nijeriya marigayi Muhammad Sanusi Barkindo yake babban sakatarenta a lokacin, ta yi yarjejeniya da Rasha da wasu ƙasashe a rage ganga miliyan 9.7 a kowace rana daga watan Mayu. Nijeriya ma an rage mata kasonta zuwa wajen ganga miliyan 1.4.

Mai yiwuwa wani ya ce, ashe wannan ba ɓoye kaya ba ne, wanda malaman fiƙihu ke kira ihtikari? A fahimtata ba shi ba ne. Ihtikari shi ne a danne abin da jama'a ke matuƙar buƙata a lokacin ƙarancinsa domin ya yi tsada. A 2020 kuwa kaya ne ya yi yawa har aka rasa mai saye da wurin zubawa. Wanda ya bar hajarsa a ƙasa maimakon ya zubar da ita a banza bai cuci kowa ba. Laifin da nake gani yana cikin gida.

An gina kasafin kuɗin 2020 a kan dala 57 kowace ganga, daga baya aka tilasta mayar da shi dala 28. Asusun rarar kuɗin mai, wanda aka kafa a 2004 domin irin wannan rana, ya taɓa kaiwa kusan dala biliyan 20 a 2008, amma da masifar ta zo ko dala miliyan 100 babu a cikinsa. Sai aka rage darajar naira daga 306 zuwa 360 a kan dala, aka karɓo bashin dala biliyan 3.4 daga Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Sauƙin da talaka ya gani shi ne litar fetur ta sauko daga naira 145 zuwa 125, kuma kafin shekarar ta ƙare ta haura inda take da farko. Ba wannan ne karo na farko ba: faɗuwar 1986 ita ce ta share wa shirin SAP hanya, aka sake gani a 1998, aka kuma gani a 2014. Maƙwalwar da aka faɗa sau huɗu ba a ce ba a san da ita ba.

Abin da ya fi ciwo shi ne, a daidai lokacin da kason ya tsuke, dukiyar da yankinmu ya mallaka da kansa ita ma tana ƙonewa. A Fabrairun 2020 'yan bindiga sun kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar ta ƙasar Batsari. A watan Afrilu, kwana biyu kafin waccan faɗuwa ta Amurka, an kashe mutum 47 a ƙauyukan Safana da Ɗanmusa da Dutsinma. Gonakin da ke bakin dajin Rugu da yawa suka zama saura, shanu suka salwanta, masu ciyar da birni suka koma 'yan gudun hijira. Al'ummar da aka raba da gonarta, kuma kasonta ya yanke, da me za ta tsaya?

Shawarata uku ce. Ta farko ga mahukunta: a ɗaure asusun ajiya da dokar da ba gwamna ko shugaban da zai iya kwance ta, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta biyu ga shugabannin ƙananan hukumomi: tunda Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye, haƙƙin jama'a ne su san nawa ya shigo, nawa aka kashe, kuma tsaron gona da hanyar kasuwa su zo gaban sayen motocin alfarma. Ta uku ga manoma: ƙasashen mai sun haɗa kai don kada hajarsu ta wulaƙanta, mu kuwa kowa kan kwashe gero da wakensa da kaka ya sayar a wulaƙance, da bazara ya dawo ya saye shi da ninki. Rumbun haɗin gwiwa na ƙauye, mai rubutaccen lissafi da amintattun masu kula, zai hana wannan asara, da sharaɗin a buɗe shi da zarar abinci ya yi ƙaranci.

Farashin mai zai sake faɗuwa, ko ba daɗe ko ba jima. Kakanninmu ba su taɓa cinye iri don damina ta yi kyau ba. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya ba shugabanninmu ikon riƙon amana.