Hayaƙin Tanderu: A Rubuta Doka, A Yi Wa Kowa Da Ita

Daga Sakataren Ƙungiya

A cikin hunturun da ya wuce, ƙorafi biyu suka iso gabana a mako ɗaya, kuma dukkansu daga 'yan ƙungiyarmu. Na farko wata dattijuwa ce ta kawo shi, wadda tagar ɗakinta ke kallon tanderun wani gidan burodi. Ta ce mini, “Malam Sakatare, jikana mai ciwon fuka ba ya barci. Da an hura wutar nan kafin asuba sai ya tashi yana shiɗewa. Na yi wa Alhaji magana, ya ce in yi haƙuri, sana'a ce.” Kwana uku bayan haka, sai ga wani mai gidan burodin daga wata unguwa dabam, ransa a ɓace. Ya ce wasu ma'aikata sun zo sun garƙame masa ƙofa saboda hayaƙi, ba takarda, ba gargaɗi, alhali kuwa a kan layin nan nasu akwai wani mai irin tanderunsa sak, ko kallonsa ba a yi ba. Ya ce, “Sakatare, don dai an ga mu baƙi ne.”

Na daɗe ina juya maganganun nan biyu, na kuma gane cewa cutarsu ɗaya ce. Dattijuwa ba ta san abin da za ta riƙe ta nemi haƙƙinta ba, shi ma mai burodi bai san ƙa'idar da aka ce ya karya ba. Na tambayi masu tanderu da yawa ko an taɓa ba su wata takarda da ta faɗi tsawon bututun hayaƙi, ko nisan da za a bari tsakanin wuta da gidan mutane. Ban sami ko mutum ɗaya da ya nuna mini ita ba. Inda mutane ba su san doka ba kuwa, mai ƙarfi ne ke cin kasuwarsa, ko mai tanderu ne, ko mai kwaɗo da mabuɗi.

Mu fara da faɗa wa kanmu gaskiya. Yawancin sana'o'in wuta a garin nan akwai hannunmu a ciki: gidan burodi, tukubar tsire, suyar masa da ƙosai, babbakar kai da ƙafa da ganda, ƙira, da narka dalma ana zuba tukwane. Da su muke ci, da su muke biyan kuɗin haya da na makaranta. Amma hayaƙin da ke fita daga cikinsu ba ya tambayar takardar asalin kowa. Yana shiga ɗakin Bagware, ya shiga na Banufe, ya shiga na Bahaushe, kuma 'ya'yanmu da ke tsaye a bakin wutar su suka fi kowa shaƙarsa. Ɗanyen itace da wutar da aka toshe wa iska su ne ke haifar da hayaƙi mai kauri, wanda ƙananan ƙwayoyinsa ke wucewa har cikin huhu. A daren hunturu iska mai sanyi tana kwantawa ƙasa, ta danne hayaƙin a tsakanin gidaje, ga kuma ƙurar da ke gari. Wannan ne lokacin da masu burodi ke hura wuta. Idan aka ƙara da taya ko leda ko baƙin mai, to an tashi daga hayaƙi an koma guba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar da ake shaƙa a gida, wadda akasarinta daga wutar girki take, ta yi sanadin mutuwar mutane kimanin miliyan 3.2 a shekarar 2020, cikinsu har da ƙananan yara masu yawa. Saboda haka dattijuwar nan ba fitina take nema ba.

To wa ke da hurumin kafa ƙa'ida? Ni karatun bokona a ajin yaƙi da jahilci na yi shi, da girmana, amma ya ishe ni in buɗe Tsarin Mulkin 1999 in ga abin da ke ciki. Jadawali na Huɗu ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, a ciki har da kula da gidajen abinci da gidajen burodi da sauran wuraren da ake sayar wa jama'a abinci, da mayanka, da kasuwanni, da kwashe shara. Ke nan ƙananan hukumomin Chanchaga da Bosso, waɗanda garin Minna ya faɗa cikinsu, suna da cikakken iko su yi doka a kan tanderu. Sashe na 20 ya ɗora wa hukuma nauyin kare iska da ruwa da ƙasa. A jiha muna da hukumar kare muhalli ta NISEPA, a tarayya kuma akwai NESREA, wadda aka kafa a 2007, aka kuma fitar da ƙa'idojin ƙone-ƙone a fili a 2011, da na tsabtar iska a 2014. Duk wanda ya ce hukuma ba ta da ruwa da hayaƙinsa, to ya ruɗi kansa.

Sai dai shi wannan Tsarin Mulki ya ba mu garkuwa. Sashe na 41 ya ce ɗan Nijeriya na iya zama a duk inda ya ga dama a ƙasar nan. Sashe na 42 ya hana a ɗora wa mutum wani takunkumi saboda ƙabilarsa ko garin asalinsa ko addininsa, wanda ba a ɗora wa sauran ba. Sashe na 36 kuma ya ce ba a kama mutum da laifi sai laifin da hukuncinsa suna rubuce a cikin doka, kuma sai an ji ta bakinsa. Idan tanderu biyu iri ɗaya ne, aka rufe ɗaya aka bar ɗaya, dole a yi tambaya. Amma tambayar ba za ta yi ƙarfi ba sai akwai awo. Da me za mu tabbatar an yi son kai, in babu mudun da aka auna kowa da shi?

Wasu ƙasashe sun riga mu shiga wannan matsala. A yankunan sanyi na Amurka, mutane kan gina tanderun itace a waje da gida, yana dafa ruwan da ke zagayawa cikin bututu yana ɗumama ɗakuna. Bututun hayaƙinsa gajere ne, wutarsa kuma ci take a hankali dare da rana, har maƙwabta suka yi ta kai ƙara. Jihar Niyok ta fitar da ƙa'ida da ta fara aiki a 2011: duk sabon tanderun gida sai ya yi nisan ƙafa 100 daga iyakar maƙwabci, bututunsa kuma kada ya gaza ƙafa 18, ba a kuma yarda a zuba masa taya ko roba ko shara ba. A Landan, bayan hayaƙin kwal ya lulluɓe garin a watan Disamba na 1952 ya kashe aƙalla mutum 4,000, an yi dokar tsabtace iska a 1956, gwamnati ta kuma taimaka wa magidanta da kuɗin sauya murhunsu. Ba cewa nake mu kwafo ƙafa 100 ba, domin a Limawa ko Kpakungu ko Unguwar Daji, inda katanga ke jingine da katanga, wannan tamkar a ce kowa ya rufe ne. Darasin shi ne sun sa lamba, sun rubuta, sun ba da lokaci.

Na san akwai masu cewa a bar kaza cikin gashinta, domin in muka nemi doka, da ita za a zo a tatse mu. Tsoron nan yana da dalili. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 komai ya yi tsada, mutane da yawa sun ajiye gas sun koma itace da gawayi, kuma ba mai hankalin da zai ce wa ƙaramin mai burodi ya sayi tanderun lantarki gobe. Amma ku duba, ai yanzu ma tatsar ake yi, kuma ba rasit. Rubutacciyar tara tana da iyaka. Wadda ba a rubuta ba kuwa, iyakarta abin da ke aljihunka.

Don haka shawarata ita ce mu rubuta wa kansilolinmu da shugabannin ƙananan hukumomin biyu, ta hannun masu unguwanni, muna neman abubuwa biyar. Na ɗaya, a faɗi tsawon bututun hayaƙi, ya zarce rufin gida mafi kusa da gwargwado sananne. Na biyu, a haramta taya da leda da baƙin mai a kowace wuta, musamman wadda ta shafi abinci. Na uku, sabon tanderu sai duba-gari ya ga wurin kafin a sa tubali, tsofaffi kuma a ba su wa'adin gyara. Na huɗu, kada a rufe wurin kowa sai an ba shi gargaɗi a rubuce, mai ɗauke da sunan ma'aikaci da ranar da zai je a saurare shi, duk kuɗin da aka karɓa kuma a ba da rasit. Na biyar, a fassara dokar da Hausa da Gwaranci da Nufanci, a karanta ta a rediyo, a manna ta a kasuwar Kure da masallatai da majami'u. Kada kuma mu kai takardar mu kaɗai. Mu nemi 'yan uwanmu Gwari da Nufawa da Yarabawa da Ibo masu irin sana'ar su sa hannu, don kada a ce maganar Hausawa ce.

Kafin hukuma ta motsa, mu gyara namu, tunda gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. A shanya itace ya bushe, a bar wa wuta ƙofar iska, a kankare bututu a kan kari, a daina babbaka da taya. Idan aka zo maka da maganar rufewa, kada ka yi faɗa, kada ka miƙa na goro. Ka nemi takarda cikin ladabi, ka riƙe rana da lokaci, ka zo ofishin ƙungiya.

Mun je wurin Alhajin da dattijuwa ta kawo ƙara, ni da liman da mai unguwa. Da farko ya ɗaure fuska, amma da aka shigar da shi ɗakin ya ga yadda bango ya yi baƙi a saman gadon yaron, sai ya yi shiru. A makon nan ya kira mai walda ya ƙara wa bututun tsawo, ya kuma daina kunna wuta da leda. Mai burodi na biyu an buɗe masa bayan kwanaki, amma har yau bai san laifinsa ba, kuma ba shi da tabbacin ba za a dawo ba. Saboda irinsa ne za mu gabatar da takardar a taronmu na wata mai zuwa. Masu tanderu da masu tukuba, ku zo da maƙwabtanku. Allah Ya zaunar da mu lafiya, amin.