Rami ko Gurbi? Matsalar Sanya wa Abokin Tafiyar Elektiron Suna

A shekarar 1931 masanin fiziya na Tarayyar Sobiyet, Yakov Frenkel, ya gabatar da ra'ayin eksiton. Idan haske ya ratsa samikondakta, elektiron kan tashi daga mazauninsa, wurin da ya bari kuma ya ɗauki caji kishiyar nasa. Su biyun sai su ja juna, su zama abu guda mai yawo cikin ƙwayar sinadarin.

Wannan wurin da aka bari shi ne ke gwada mai fassara. Wanda ya bi Turanci sau da ƙafa zai ce "rami". Kuskure ne. Rami a kafe yake, ba ya tashi. Abin da ake nufi kuwa yana tafiya, kamar yadda sarari ke komawa baya a cikin sahu idan kowa ya matsa gaba. "Gurbi" ya fi dacewa, domin Bahaushe ya san gurbi da jiran mai cike shi. Haka ƙarshen eksiton yake: elektiron ya faɗa gurbin, haske ya fito.

"Rijiyar kwantam" ma tana buƙatar hattara. Abin da Raymond Dingle da abokan aikinsa suka auna a Bell Labs a 1974 shimfiɗa ce siririya ta galiyam asenaid, mai kaurin 'yan nanomita, tsakanin bango biyu. An hana eksiton hawa da sauka ne kawai; gefe da gefe hanya a buɗe take. Mai karatun da ya hango guga a ƙasan rijiya ba zai fahimci me ya sa ake binciken tafiyarsa ba.

Tafiyar kuwa tana da wuyar sha'ani. Da yake cajin biyu sun soke juna, ƙarfin lantarki ba ya jan eksiton kai tsaye kamar yadda yake jan elektiron. Bazuwa yake yi daga inda ya yi yawa. A tsananin sanyi, ƙurajen da ke jikin bango, ko da na kaurin atam ɗaya ne, suna tare shi, kuma rijiya mafi ƙunci ta fi wahalar da shi. Idan aka raba elektiron da gurbi a rijiyoyi biyu maƙwabta, kamar yadda ayarin Leonid Butov ke yi a San Diyego, haɗuwarsu kan jinkirta, eksiton ya yi tsawon rai, ya ci gomman maikiromita kafin ya koma haske.