Mai Taɓin Hankali Magani Yake Buƙata Kafin Kurkuku

'Yan'uwa, yau ba zancen takara zan yi ba. Kwanaki a Kwanar Dangora na ga an taru a kan wani matashi da ya fasa gilashin mota. Duk wanda ke wurin ya san yaron ba shi da lafiya, shi kaɗai yake surutu yana dariya. Aka tafi da shi, aka kai kotu, aka tura shi gidan yari jiran shari'a. Babu wanda ya ce a kira likita. Uwarsa kuka kawai take.

To in ya fito fa? Ciwon na nan, ƙila ma ya ƙaru, gobe ya fasa kan mutum.

Doka ba ta hana mu tausayi ba. Sashe na 51 na Penal Code ya ɗauke laifi daga wanda hankalinsa ya gushe har bai san abin da yake aikatawa ba. A Janairun 2023 aka sanar cewa Shugaba Buhari ya sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. A Amurka kuwa, tun 1997 aka buɗe kotu ta musamman a jihar Fulorida, inda alƙali ke tura irin waɗannan mutane asibiti yana bibiyar shan maganinsu.

Mu nan fa? Mutumin Doguwa ko Tudun Wada in zai kai ɗansa asibitin Dawanau sai ya ratsa birnin Kano, kuɗin mota kaɗai ya ishe shi. Alhali ga cibiyar gyaran hali ta Kiru a ƙofar gidanmu.

Roƙona uku ne. A ware alƙalin majistare ɗaya a yankin nan da zai riƙa sauraron irin waɗannan ƙararraki. A riƙa turo likitan ƙwaƙwalwa manyan asibitocinmu ko da sau ɗaya a mako. A saka kuɗin magani a kasafi.

Wani zai ce masu laifi za su fake da hauka. Ai shi ya sa muke cewa likita ya tantance, kuma a bi wa wanda aka yi wa ɓarna haƙƙinsa.

Wakilanmu na Kiru da Bebeji, Tudun Wada da Doguwa, ku ɗauki maganar nan. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.