Arahar da ba ta kowa ba ce

A shekarun da na yi ina karatun digiri na uku a Kiyoto, babu ƙamshin da ya azabtar da ni kamar na gidajen abincin Gyoza no Ohsho. A wannan birni kamfanin ya fara a 1967, yau kuwa rassansa sun haura 700 a faɗin Japan. Japanawa na kiran abincinsa na Sin, ko da yake Basine ba lalle ya yarda ba. Gyoza, wato ɗan ƙullin fulawa mai niƙaƙƙen nama da kabeji a ciki, a arewacin Sin an fi dafa shi a ruwa. Japanawan da suka dawo daga Mancuriya bayan yaƙin duniya na biyu suka yaɗa shi a gida, aka koma soya shi a kasko ana ci da shinkafa.

Araha ce ke jan mutane. A Tokiyo da kewaye, kamfanin Hidakaya ya shafe shekaru yana sayar da kwanon taliya da romo a kan yen 390, sai a ƙarshen 2024 ya ƙara kuɗin. Lissafi ne tsantsa: a haɗa taliya da gyoza a masana'anta guda, a raba wa rassa, a kafa shago a bakin tashar jirgin ƙasa, mutum ya ci a gurguje ya tashi wani ya zauna. Duk da haka akwai mutunci a ciki, domin ɗalibi da direban tasi da ma'aikaci mai kwat kujera ɗaya suke hawa. A unguwar Demachi ma, kusa da jami'armu, mai wani reshen Ohsho yakan ciyar da wanda ba shi da kuɗi, a kan ya wanke kwanuka na rabin awa. An rufe reshen a 2020.

Ni fa ko na wanke kwanukan duniya ba zan ci ba. Naman gyoza na alade ne. Soyayyar shinkafa da gutsattsarinsa a ciki, romon taliya sau da yawa da ƙashinsa ake dafawa, har ganyen da ka ɗauka mafita sai ka tarar an soya shi da yankan nama. Idan abokan bincike suka tashi daga ɗakin gwaji da dare suka nufi can, nakan bi su, in sa farar shinkafa da ruwan sanyi a gaba. Ba don daɗi nake zuwa ba. A kan teburin nan ake jin halin da farfesa yake ciki, da taron ilimi mai zuwa, da wanda za a sa sunansa a maƙala. Abincin kirki kuwa sai na koma ɗaki na dafa daskararriyar kazar Burazil mai tambarin halal, ko in biya ninki biyu a gidan abincin Indiyawa.

Abin da ke damuna da maganar halal a Japan ke nan: akasari ɗan yawon buɗe ido ake wa tanadi, mai iya sayen naman wagyu. Ɗalibi, da dubban ma'aikatan Indunisiya da ke masana'antu da gidajen kula da tsofaffi, su ne mabuƙatan kwanon yen 400, su ne kuma aka bari a bakin ƙofa.

Makon jiya wani ɗalibina ya zo da albishir ya samu gurbin karatu a Osaka, ya ce an gaya masa abinci da araha. Na ɗauki takarda na zana masa harafin buta, wato alade, na ce ya haddace shi kafin gaisuwa, kuma ya sayi tukunya.