Daga Legas Zuwa Yalwawa: Wayar Da Ba Ta Aiki Sai Da Sabis Ba Abokiyar Tafiya Ba Ce

A YouTube da TikTok akwai bidiyoyin da matasa ke yawan kallo na Turawan Amurka masu tafiya ganin dangi a cikin wata irin mota da suke kira RV. Gida ce guda aka ɗora a kan taya: ga gado, ga banɗaki, ga wurin girki, ga firji, ga faifan sola a saman rufi, wasu ma har da Starlink. Iyali su yi kwana huɗu ko biyar suna ratsa ƙasa, inda dare ya yi musu nan za su tsaya su kwana. A ƙarƙashin bidiyon kuwa ba a rasa ɗan Arewa da ya rubuta "Allah Ya ba mu irinta".

Amin. Amma ɗan Yalwawa da ke neman kuɗi a Agege ko Mile 12 ko Alaba Rago ya daɗe yana irin wannan tafiya duk Sallah, sai dai tasa babu gado babu firji. Sama da kilomita 1,000 ne daga Legas zuwa Dutse. Idan hanya ta yi kyau, yini da kwana ne a cikin doguwar bas ko Hummer, a sauka Kano, a sake mota ta Wudil zuwa gida. Idan tirela ta faɗi ta tare hanya, ko mota ta lalace a daji, kwana biyu ne ko uku. Duk abin da Baturen nan ya tara a cikin motarsa don ya samu kwanciyar hankali, shi ɗan Yalwawa a cikin abu ɗaya ya zuba shi, wato wayar da ke aljihunsa. Ita ce taswirarsa da bankinsa da fitilarsa, kuma ita kaɗai ce hanyar da Umma za ta san yana raye.

Matsalar ita ce yawancin matafiya suna shiga mota da wayar da aka saita don zaman gari, inda akwai sabis ko'ina kuma mai caji na bakin layi. Wannan kuskure ne, kuma laifin ba na masu wayar ba ne su kaɗai. Waɗanda suka rubuta mafi yawan manhajojin da ke cikinta sun rubuta su ne da zaton intanet ba ya yankewa. Hanyar Mokwa ba ta san da wannan zato ba.

A fara da taswira, domin nan ne aka fi yin gardama a cikin mota. Google Maps na lissafa hanya ne da tsawonta da kuma saurin da wayoyin da ke kanta suke tafiya.  Ba ta san inda aka tare hanya jiya da daddare ba. Daga Ilorin idan aka haye Jebba aka kai Mokwa, hanya mafi kusa zuwa Kaduna ita ce ta Tegina da Birnin Gwari, kuma shekaru da dama direbobi suna kauce mata saboda 'yan bindiga, suna zagayawa ta Bida da Suleja ko kuma tun farko su bi ta Lokoja da Abuja. A ƙarshen 2024 gwamnatin Kaduna ta yi sulhu a yankin, motoci suka fara komawa. Taswirar ba ta san lokacin da hanyar ta ɓaci ba, ba ta kuma san lokacin da ta fara gyaruwa ba. Layinta shuɗi yana nan yadda yake. Direban da ya bi hanyar shekaranjiya, ko ɗan kamasho a tasha da ke jin labarin kowace mota da ta iso, sun fi ta sanin halin da ake ciki nesa ba kusa ba. Saboda haka matashin da ke miƙa wa direba waya yana cewa "Malam direba, ai ga gajeriyar hanya nan, me ya sa za mu zagaya?" ya kamata ya mayar da wayarsa aljihu.

Wannan ba ya nufin taswirar ba ta da amfani. Amfaninta shi ne ta gaya wa mutum inda yake, kuma wannan tana iya yinsa ba tare da data ba. Mutane da yawa ba su san cewa GPS ba ya buƙatar layin waya ba. Saƙo yake karɓa kai tsaye daga tauraron ɗan'adam, ko da wayar na yanayin jirgin sama. Abin da ke buƙatar data shi ne hoton taswirar da ɗigon nan shuɗi zai zauna a kai. Idan an sauke taswirar tun a gida, ta wurin da aka rubuta Offline maps a cikin manhajar, ɗigon zai ci gaba da tafiya a kan hanya ko a tsakiyar daji ne. Tafiyar Legas zuwa Dutse ba ta shiga yanki ɗaya, sai an sauke ta kashi-kashi. Wanda wayarsa ba ta da wuri sosai yana iya gwada Organic Maps ko OsmAnd, waɗanda ke aiki da bayanan OpenStreetMap, kuma tun asali don aiki babu intanet aka gina su. Ranar da mota ta mutu da ƙarfe biyun dare, bambanci ne babba tsakanin mai cewa "muna wani daji" da mai cewa "mun wuce Jebba, ba mu kai Mokwa ba".

Kuma hanyoyin nan suna yankewa da gaske. A Oktoban 2022 ambaliya ta shafe hanyar Lokoja zuwa Abuja a wajen Koton Karfe, motoci suka yi kwanaki a tsaye har man fetur ya yi wahala a Abuja. A ƙarshen Mayun 2025, kimanin mako guda kafin Babbar Sallah, ruwa ya yi mummunar ɓarna a Mokwa, ya ci rayuka sama da 150. Waɗannan su ne manyan ƙofofi biyu da Kudu maso Yamma ke shiga Arewa ta cikinsu. Duk wanda ya bi ɗayansu da lissafin cajin yini guda, ya yi wa kansa gajeren lissafi.

Maganar caji ma akwai rashin fahimta a cikinta. Mutum zai sayi fawa bank da aka rubuta wa 20,000mAh, wayarsa Tecno ce ko Infinix mai batir 5,000mAh, sai ya raba ya ce sau huɗu ke nan. Ba haka ba ne. Batirin da ke cikin fawa bank yana aiki ne a kan kusan volt 3.7, sai an ɗaga wutar kafin ta bi ta waya, sannan wayar ta sake sauke ta. A kowane mataki wani kaso na tafiya a zafi. Mai kyau ma abin da zai bayar bai wuce cika waya sau biyu da rabi zuwa uku ba. Wanda aka rubuta wa 50,000mAh kuma aka ɗaga aka ji shi sakayau kamar kwalin ashana, nauyinsa ya riga ya faɗi gaskiya, domin batir abu ne mai nauyi. Sannan ba a ajiye shi a gaban gilashin mota cikin rana, zafi na lalata shi, wani lokaci ma ya kumbura.

Ban da kallon fim, akwai kuma wani abu da ke cin batir sosai a hanya. Neman sabis ne. Idan waya ta yi nisa da turken sadarwa, ƙara ƙarfi take yi don ta kai gare shi, tana tsalle daga 4G zuwa 3G zuwa 2G tana dawowa, manhajoji kuma suna ta sake gwada tura abin da ya ƙi tafiya. Shi ya sa ake jin waya ta yi zafi a aljihu alhali ba a taɓa ta ba. Maganin mai sauƙi ne: a sa ta yanayin jirgin sama a tsakanin garuruwa, a buɗe idan an shigo gari. Karatun Alƙur'ani ko waƙa ko fim da za a ɗebe kewa da su, a sauke su tun kafin a tashi.

Sai dai kashe sabis na da nasa farashin, kuma a gida ake biyansa. Tun da motar ta tashi, akwai wata uwa a Yalwawa da ba za ta yi barcin kirki ba. Ta kira sau ɗaya aka ce lambar ba ta shiga, ta kira sau uku, daga nan sai salati, sai a tashi yayan matafiyin da tsakar dare. Ba za a ga laifinta ba, domin kowa ya san abin da hanyar Abuja zuwa Kaduna ta zama a shekarun baya, har jirgin ƙasan da mutane suka koma wa aka kai wa hari ranar 28 ga Maris 2022. Wasu matasan suna ganin sun magance wannan da tura wurin da suke kai tsaye ta WhatsApp. Dabara ce mai kyau, amma tana da iyaka biyu. Mafi tsawonta awa 8 ne, tafiyar kuma ta ninka haka. Sannan da data take aiki, don haka idan sabis ya ɗauke, ɗigon zai tsaya cak a wuri ɗaya. Ga wanda ke kallo daga gida, ɗigon da ya yi awa biyu bai motsa ba a dajin Neja ya fi rashin labari tayar da hankali.

Abin da ya fi shi ne a yi magana tun kafin a tashi. "Umma, wayata za ta riƙa zama a kashe saboda caji. Zan turo wa Yaya saƙo idan mun kai Ilorin, da Kaduna, da Kano. Idan kin kira ba ta shiga ba, lafiya lau ne." Saƙon kuma ya zama na tes, ba na WhatsApp ba, domin tes na fita ko da sandar sabis ɗaya ce ta 2G. A haɗa da hoton lambar motar da sunan tashar da aka hau, a tura wa mutum ɗaya amintacce. Mutum ɗaya, ba duniya ba. Ɗora bidiyo a TikTok ko a sitatus daga cikin mota, ga fuskokin fasinjoji, ga allon garin da aka wuce yanzu, ga tsarabar Sallah a gefe, sanarwa ce ga wanda aka sani da wanda ba a sani ba. Bidiyon ba zai lalace ba idan ya jira aka isa gida.

Sai kuɗi. Wanda ya yi tafiya a Fabrairun 2023, lokacin da takardun naira suka ɓace, bai manta da yadda taransifa ke maƙalewa a gaban mai shayi ba, an cire kuɗi a nan, can kuma alat bai shigo ba, ga direba na hon. Ranar 14 ga Maris 2024, cikin azumi, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka samu matsala a gabar Afirka ta Yamma, manhajojin bankuna da dama suka tsaya. A Satumban 2021 kuwa hukuma ce da kanta ta sa aka rufe layukan waya a Zamfara, daga baya abin ya shafi wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sokoto da Kaduna. OPay da Moniepoint da PalmPay sun sauƙaƙa rayuwa ƙwarai, amma dukansu a kan sabis suke tsaye. Ba a ce a cika aljihu da kuɗi ba, wannan ma haɗari ne na daban. Kuɗin abinci da na motar Kano zuwa Dutse dai su kasance a hannu, a raba su wuri biyu. A kuma haddace lambar USSD ta banki, tunda ita ba ta neman data. Layi biyu na kamfanoni daban-daban, misali MTN da Airtel, sun fi layi ɗaya, domin ba kasafai suke ɗaukewa a wuri guda ba.

USSD ɗin nan kuwa ita ce ƙofar da ɓarawon waya ya fi so. Ba ya buƙatar buɗe wayar, sim ɗin kawai zai zare ya sa a wata ƙaramar waya ya fara laluben asusu. Sa wa sim lambar sirri aikin minti biyu ne a cikin saitin waya, amma ƙalilan ne suke yi. A kula dai, idan aka yi kuskuren lambar sau uku layin zai kulle sai da PUK, wadda ke jikin katin da sim ɗin ya zo a ciki. Wanda zai ba da caji a tasha kuma, gara ya ba da fawa bank ɗin, wayar ta zauna a jikinsa.

Akwai masu cewa duk wannan wahala ta mece ce, tunda an cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, ai sai a yi kiran bidiyo ranar Sallah a tura kuɗin motar gida. Ga wanda ba shi da hali, wannan uzuri ne karɓaɓɓe, kuma iyaye sun fi kowa fahimta. Amma Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take, kuma har yau ba a ƙera wayar da za ta durƙusa ta gaida kaka, ko ta zauna a tabarma a ci tuwon Sallah da ita, ko ta bi 'yan uwa zuwa Garu kallon hawa. Mutane za su ci gaba da cika motoci, da tsada da arha. Kamfanoni da matasan Arewa masu koyon rubuta manhaja ya kamata su gwada abin da suka gina a kan wannan hanya, ko aƙalla su kashe data su ga ko manhajar za ta buɗe. Wadda ke nuna farin shafi da zobe mai juyawa da zarar an fita gari, ba a gama rubuta ta ba.

Abu na ƙarshe da ya kamata ya shiga jaka ba ya amfani da batir. Takarda ce ƙarama, a rubuta lambobin mutum uku na gida, da 112 ta kiran gaggawa, da 122 ta hukumar kiyaye haɗurra. Matasa da yawa ba su haddace ko lambar mahaifiyarsu ba, tana cikin waya an ajiye da sunan "Ummana". Idan wayar ta mutu ko ta ɓace a Tafa ko a Kwanar Dangora, fasinjan da ke kusa zai ba da aron tasa ba tare da gardama ba, sai dai zai tambaya wace lamba za a kira.